ZARE: Yadda aka kama ƙwayar ciwon hanta nau'in C tun kafin ido ya gan ta

1/ Duk wanda ya taɓa ba da jini a asibiti, ko ya yi gwajin kafin aure, ya san ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini a jira layi ɗaya ko biyu. Na ciwon hanta nau'in C yana da labari. Abin da aka shafa a jikinsa yake kama cutar, yawanci yis ko bakteriya aka sa suka ƙera shi. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu koma baya kaɗan. Likitoci sun daɗe da sanin ciwon hanta iri biyu: wanda ake ɗauka ta abinci da gurɓataccen ruwa, da wanda ke bin jini. A 1965 Baruch Blumberg ya ba da rahoton wani furotin da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, daga baya aka gane ashe rigar ƙwayar nau'in B ce. A 1973 aka ga ƙwayar nau'in A. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

3/ Sai ga Harvey Alter, likita a ma'ajiyar jini ta cibiyar NIH da ke Bethesda a Amurka. Aikinsa bin sawun waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya, don su ake ɗura wa leda da yawa ta jini. Abin da ya tarar: kusan 1 cikin 3 suna kamuwa da ciwon hanta bayan ƙarin jinin. An gyara maka zuciya, an lalata maka hanta.

4/ A 1970 asibitin ya daina karɓar jinin masu sayarwa, ya kuma fara tace jini da gwajin nau'in B. Adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 10 cikin 100. (Maganar masu sayar da jini a bakin asibiti kuwa, mu nan ba tarihi ba ce. Amma wannan zaren wata rana ne.)

5/ To wannan kashi 10 ɗin fa? Alter mutum ne mai ajiya. Kowane jini ya ɗiba sai ya daskarar da shi, ya rubuta kwanan wata. Da gwajin nau'in A ya samu, shi da Stephen Feinstone da Robert Purcell da abokansu suka koma kan ajiyar. A 1975 suka fitar da sakamako: ba A ba ce, ba kuma B ba ce.

Haka sunan ya zauna: "ba A ba, ba B ba". Shekara 14 cuta tana yawo da sunan abin da ba ita ba.

6/ Muguntarta shiru. Yawancin waɗanda suka ɗauka ko idonsu ba ya yin ɗorawa. Mutum yana cin abincinsa, yana zuwa kasuwa, ita kuma tana cin hantar a hankali. Bayan shekara 20 ko 30 wasu sai hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, ciki ya kumbura, wasu kuma kansa.

7/ A 1978 aka ɗura jinin marasa lafiya wa biran cimfanzi, suka kamu. Wato dai akwai wani abu mai rai da ke yaɗuwa. Aka jiƙa jinin da kulorofom mai narkar da kitse, sai ya daina harbi: ke nan abin yana da riga ta kitse. Aka tace shi da matata masu ƙananan ramuka, aka kimanta girmansa, ƙasa da nanomita 60. An san tsayinsa, an san rigarsa, ba a san fuskarsa ba.

8/ Me ya hana a kama ta? Abu biyu. Ba ta da yawa a cikin jini idan aka kwatanta da nau'in B. Sannan ta ƙi tsirowa a kwalbar ɗakin gwaji. A lokacin kuwa hanyar da aka sani ke nan: ka shuka ƙwaya, ta yi yawa, ka duba ta, ka ɗebi furotin ɗinta ka haɗa gwaji. Babu shuka, babu gwaji.

9/ Wannan bai hana mutane iƙirari ba. Ɗakunan gwaji daga ƙasashe daban-daban suka riƙa shelar sun gano ta. Sai Alter ya haɗa musu jarrabawa: kwalabe marasa suna, lamba kawai, wasu jinin masu cutar, wasu na lafiyayyu, kowanne an saka shi fiye da sau ɗaya. Ka ce ka gano? Bismillah, ware mana su.

Sau 19 aka zauna wannan jarrabawa. Sau 19 aka faɗi.

10/ A nan labarin ya koma Emeryville, wani ɗan gari a jihar Kalifoniya, inda William Rutter da Edward Penhoet da Pablo Valenzuela suka kafa kamfanin Chiron a 1981. Sana'arsu sabuwar fasahar da ta ɓullo a farkon shekarun 1970: aurar da ƙwayoyin halitta.

11/ Ga yadda abin yake. Kun san mangwaro ɗan aure? A yanko reshen mai zaƙi a ɗaura a jikin wata bishiya, ita ta ciyar da shi, shi kuma ya ba da irin 'ya'yansa. Haka nan kowane furotin yana da umarnin ƙera shi a rubuce cikin DNA. Ka yanko wannan rubutun, ka dasa shi cikin yis ko bakteriya, sai su karanta su yi ta ƙera maka furotin ɗin da ba nasu ba, tuli guda. Mu kira shi furotin ɗin dashe.

12/ Da wannan hanyar aka samu insulin na masu ciwon suga a 1982. Da ita Chiron da kamfanin Merck suka yi rigakafin hanta nau'in B a cikin yis, wanda aka amince da shi a 1986. Allurar nau'in B da ake yi wa jariranmu yau irin wannan ce. Yis ne ya yi ta, ɗan'uwan wanda ke tayar da kwaɓin burodi da fanke.

13/ Michael Houghton, Bature ɗan Ingila, ya shiga Chiron a 1982, aka ba shi farautar "ba A ba, ba B ba". Qui-Lim Choo, haifaffen Singafo, ya zo ya same shi. Daga cibiyar CDC kuma Daniel Bradley ke turo musu jini da hantar biran da suka kamu. Suka gwada hanya bayan hanya, shekara da shekaru, babu ko ɗaya da ta ɓulle. Kuma kamfani ne fa, ba jami'a ba. Masu zuba jari suna ƙirga kowace dala.

14/ George Kuo, haifaffen Taiwan, yana wani aikin daban a ɗakin gwajin da ke kusa da nasu. Shi ya matsa a kan wata shawara. A ganinsa ba wai jikin marasa lafiya ba ya yin sojojin garkuwa a kan ƙwayar ba ne. Sojojin suna nan. Furotin ɗin ƙwayar ne ya yi ƙaranci a jini har ba a iya ganin inda suke kama shi. To a sa bakteriya ta ƙera shi da yawa mana.

15/ Tambayar da kowa zai yi: ta yaya za ka ƙera furotin ɗin abin da ba ka sani ba? Nan ne daɗin labarin, ku bi ni a hankali.

16/ Suka ɗauki ruwan jinin wani biri na Bradley mai suna Rodney, wanda aka auna aka ga yana da ƙarfin harbi sosai. Suka juya shi a na'ura mai tsananin gudu har duk wani ɗan ƙwaya ya kwanta a ƙasa. Suka kwashe DUK rubutun halittar da ke cikin gindin, na biri ne, na ƙwaya ne, DNA ne, RNA ne, ba su zaɓa ba, don ba su ma san wanne ƙwayar take da shi ba.

17/ Suka mayar da shi guntu-guntun DNA. Kowane guntu aka cusa shi cikin wata ƙwaya mai harbin bakteriya, aka sake ta a kan bakteriyar E. coli da aka shimfiɗa a faranti. Kowane ɗigo a farantin ya zama 'yar masana'anta mai ƙera guntun furotin guda. Ɗigo wajen miliyan 1. Kusan dukkansu tarkacen biri ne.

18/ Sai mai shaida. Suka kawo ruwan jinin wani mara lafiya da ya daɗe da cutar, suka zuba a kan takardar da ta kwafi ɗigogin. Idan akwai guntun ƙwayar a ciki, sojojin garkuwarsa za su gane tsohon abokin gaba su maƙale masa. Aka sa wa sojojin alama mai haskawa a fim ɗin hoton ƙashi. Kamar a jera mutum miliyan a fili, a ce wa wanda aka yi wa fashi: nuna shi.

19/ Choo ne ke zaman duba waɗannan fina-finan. An sha ganin ɗigo a yi murna, a bincika a tarar na biri ne ko datti. A 1987 wani ɗan baƙin ɗigo ya fito wanda ya ƙi ƙaryatuwa. Lambarsa 5-1-1. Tsawonsa haruffan halitta 155 kacal. Allura cikin ruwa.

20/ Ba su yi gaggawar shela ba, don sun ga yadda 19 suka ƙare. Suka duba: babu wannan rubutun a halittar mutum, babu a ta biri. Yana manne wa wani dogon RNA mai haruffa kusan 10,000 da ake samu a jinin masu cutar kaɗai. Biran da aka harba ba su da sojojin da ke gane shi kafin harbin, sai bayansa. Da wannan guntun suka riƙa jawo maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya har rubutun ƙwayar ya kusa cika. Ashe 'yar dangin zazzaɓin shawara da dengi ce.

21/ A watan Mayun 1988 Chiron ya sanar. A Afrilun 1989 takardu biyu suka fito a mujallar Science, ɗaya Choo ne a gaba, ɗaya Kuo. A nan aka raɗa mata suna: nau'in C. Ba a shuka ta ba, ba a gan ta ba, an dai karanta rubutunta.

22/ Takardar Kuo ita ce ta gwajin. Suka haɗa 5-1-1 da guntayen da ke gefensa, suka samu furotin mai tubala 363, suka liƙa shi da wani furotin na ɗan Adam mai suna SOD don yis ya fi ƙera shi da yawa. Sunansa C100-3. A shafa shi a gindin faranti, a zuba jinin mutum, in yana da sojojin sai su kama.

Aka turo musu kwalaben Alter. Suka ware su. Na 20 ya ci.

23/ Japan ta fara tace jinin bayarwa da shi a ƙarshen 1989, Amurka a Mayun 1990. Gwajin farkon yana da rauni: guntu ɗaya ne daga jikin ƙwayar, don haka sai mutum ya yi watanni da kamuwa kafin ya nuna, kuma yakan yi wa lafiyayye ƙarya. A 1992 aka ƙara wasu furotin ɗin dashe, c22-3 daga ƙwanƙwan ƙwayar da c33c daga NS3, daga baya aka ƙara NS5. Yau a Amurka, tare da gwajin RNA, haɗarin ɗaukar ta a ƙarin jini ya koma wajen 1 cikin miliyan 2. Ku tuna daga 1 cikin 3 aka taso.

24/ Jinkiri kuma yana da farashi. Birtaniya ba ta fara tacewa ba sai Satumban 1991. Rahoton binciken gurɓataccen jini da Sir Brian Langstaff ya fitar a Mayun 2024 ya ce sama da mutum 30,000 aka sa wa HIV ko ciwon hanta ta jini da magungunan da aka yi da jini tsakanin shekarun 1970 da farkon 1990, kusan 3,000 sun mutu, kuma ya soki wannan jinkirin.

25/ Sai kuɗi. Chiron ya yi wa rubutun ƙwayar rajistar mallaka a ƙasashe da dama. Duk mai son yin gwaji ko neman magani sai ya biya. Ya maka kamfanin Murex mai gwaji mai rahusa a kotun Ingila. Bradley da kansa ya kai Chiron ƙara a 1994 yana neman a sa sunansa cikin masu ƙirƙira, bai yi nasara ba. A ganina sun cancanci ladan shekarun da suka yi suna asara. Amma mallakar rubutun cutar da ke cikin jinin talakan Masar, wannan kam da wuya a gamsar da ni.

26/ Saura hujja ɗaya: shin wannan ƙwayar ita kaɗai ta isa ta jawo cutar? Charles Rice, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ya lura akwai wutsiyar rubutun da ta ɓace. Ya cike ta, ya gyara kurakuran kwafi, aka zuba RNA ɗin kai tsaye a hantar biri a 1997. Biri ya kamu. Shari'a ta ƙare.

27/ Yanzu magani. Rubutun ƙwayar, haruffa kusan 9,600, furotin guda ɗaya dogo yake bayarwa, mai tubala wajen 3,000, sannan a daddatsa shi gida 10. Biyu daga ciki su ne ranta: NS3, almakashin da ke datsawar, da NS5B, injin da ke buga kwafinta.

28/ Tunda har lokacin ƙwayar ba ta yarda a shuka ta ba, sai aka ƙera waɗannan biyun su kaɗai a cikin bakteriya. Aka tace su, aka daskarar da su kamar ƙanƙarar gishiri, aka haska aka zana siffarsu: NS3 a 1996, NS5B a 1999. Da siffar kwaɗo a hannu, sai neman abin da zai toshe shi. Haka kuma a 1998, a reshen Chiron da ke Siena a Italiya, aka yi amfani da furotin ɗin rigarta, E2, aka gano ƙofar da take kamawa a jikin ƙwayar hanta, wato CD81.

29/ A 1999 Volker Lohmann da Ralf Bartenschlager a Jamus suka samu rabin ƙwayar ta riƙa kwafar kanta a kwalba. A 2005 Takaji Wakita na Japan da abokan aikinsa suka samu cikakkiyar ta tsiro. Shekara 16 bayan raɗin suna.

30/ Kafin nan maganin allurar intaferon ce da ribabirin, har mako 48, da zazzaɓi da kasala da ƙuncin rai, kuma kusan rabin masu nau'in da ya fi taurin kai ba sa warkewa. Masu toshe almakashi suka fito a 2011. A Disambar 2013 aka amince da sofosbuvir mai toshe injin kwafi, wanda Michael Sofia ya jagoranci haɗawa a kamfanin Pharmasset. Yau ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12 suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100. Warkewa fa, ba lallaɓawa ba.

31/ Gilead ya sayi Pharmasset a kan dala biliyan 11, ya sa wa maganin dala 84,000 na mako 12. Ƙwaya ɗaya dala 1,000. Ku buga a naira ku gani.

32/ Masar ce ta fi kowa jin jiki. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi gangamin yi wa ƙauyukan bakin Nilu allurar maganin tsargiya, da sirinjin gilas da ake maimaitawa ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Binciken 2008 ya samu alamar cutar a jinin kashi 14.7 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59. A kudancin Kamaru ma an danganta yawanta a jikin tsofaffi da allurorin gangamin zamanin mulkin mallaka.

33/ Abin da Masar ta yi ya isa a yi nazari. A 2014 ta sasanta da Gilead a kan dala 900, sannan kamfanoninta na gida suka shiga yi, farashin ya ƙara rugujewa. Daga Oktoban 2018 ta gwada mutum kusan miliyan 50 cikin 'yan watanni, da irin ɗan tsinken nan, wanda ya nuna a tura shi gwajin tabbatarwa, magani kyauta. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matakin zinare a hanyar kawar da cutar, ita ce ta farko a duniya.

34/ Ga inda tarihin nan ya shafe ku kai tsaye. Tun daga 5-1-1 har tsinken yau, SOJOJIN garkuwa ake kamawa, ba ƙwayar ba. Layi biyu yana nufin jikinka ya taɓa haɗuwa da ita. Wajen mutum 3 cikin 10 jikinsu yana korar ta da kansa cikin wata 6, wanda ya sha magani ya warke ma haka, amma sojojin suna nan, tsinken zai ci gaba da nunawa.

35/ Saboda haka bayan layi biyu sai gwajin RNA, wanda ake kira PCR, shi zai faɗa ko tana nan yanzu. Tunda Kano ta yi dokar gwajin kafin aure a 2024, kuma ciwon hanta yana ciki, ya kamata iyaye da waliyyai su san wannan. Kada a watsa aure a kan tsinke. Ko PCR ɗin ya nuna, cuta ce mai magani na wata 3. Kuma ta jini ta fi bi: allurar da aka maimaita, askar da aka yi wa wani aski ko ƙaho ko shayi da ita, jinin da ba a tace ba. Ba ta bin kwanon abinci ko musabaha.

36/ Kada kuma a rikita ta da nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 a Najeriya ya samu B a kashi 8.1 na manya, C kuma 1.1. B tana da rigakafi, ba ta da maganin warkewa gaba ɗaya. C tana da magani, ba ta da rigakafi. A duniya mutum wajen miliyan 50 ke ɗauke da C, ta kashe kimanin 242,000 a 2022, kuma mafi yawan masu ita ba su sani ba.

37/ A Oktoban 2020 aka ba Alter da Houghton da Rice kyautar Nobel. Ƙa'idar ba ta wuce mutum uku. Choo da ya ga ɗigon, da Kuo da ya kawo shawarar, da Bradley da ya kawo jinin, babu su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma a yi wa Houghton adalci: a 2013 ya ƙi karɓar kyautar Gairdner ta Kanada, mai dala 100,000, saboda an ƙi sa Choo da Kuo.

38/ Rigakafin kuwa har yau shiru. Tun 1994 Choo da Houghton suka gwada furotin ɗin rigarta biyu, E1 da E2, na dashe, a jikin birai, ya kare su daga irin ƙwayar da aka yi shi da ita. Matsalar, injin kwafinta ba ya duba kuskure, kullum tana sauya kama, ga manyan nau'o'i aƙalla 7. Wani rigakafin daban da aka gwada a jikin mutane a Amurka, sakamakonsa ya fito a 2021, bai hana cutar zama a jiki ba.

39/ Biran ma babu su yanzu, don NIH ta rufe bincike a kan cimfanzi a 2015, kuma ban da mutum su kaɗai ne ƙwayar ke kamawa yadda ya kamata. Houghton yana Jami'ar Alberta a Kanada tun 2010, yana kan E1 da E2 ɗin nan dai. Sai a 2022 aka samu cikakken hoton yadda su biyun suke haɗe da juna, kuma shi ma daga furotin ɗin dashe aka ɗauke shi.